Ƙagaggun Labaran Soyayya na Tarihi Masu Haɗe da Almara da Zullumi

Ƙagaggen labarin soyayya na tarihi wani reshe ne na rubutun zube wanda marubuci ke ɗaukar masoya biyu ya ajiye su a wani zamani da ya shuɗe, sau da yawa zamanin sarauta da yaƙi da fatauci, sannan ya gina labarin a kan abin da ya shiga tsakaninsu. Idan aka zuba masa almara, wato aljanu da tsafi da layu da sauran abubuwan da ido bai saba gani ba, aka kuma ɗaure shi da zullumi, wato ɓoye wa mai karatu abin da yake ƙishirwar sani har sai can gaba, to an sami nau'in da ake magana a kansa a nan. Masu karatun Hausa ba su ba shi suna guda tsayayye ba. A Damagaram, kamar a Kano, mai neman irinsa yakan ce yana son littafin sarauta, ko na yaƙi mai soyayya a ciki, ko kuma na aljanu, mai sayarwa kuwa ya san abin da ake nufi.

Asali

A Turai ana danganta kafuwar ƙagaggen labarin tarihi da Walter Scott, mutumin Sikotland, wanda littafinsa Waverley ya fito a 1814. Labaran tsofaffin gidaje masu ban tsoro da fatalwa sun riga shi fitowa a Ingila da kimanin shekara hamsin, kuma daga haɗuwar waɗannan hanyoyi biyu da labaran soyayya ne nau'in ya tsiro a can.

Na Hausa yana da tasa saiwar, kuma ta fi zuwan boko tsufa. Labarin Bayajidda da ake bayarwa game da kafuwar Hausa Bakwai yana ɗauke da dukkan sinadaran: baƙo daga gabas wanda ba a san sirrinsa ba, sarauniya mai mulkin Daura, macijin rijiyar Kusugu da ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, neman wanda ya kashe macijin cikin dare, sannan aure. Tatsuniyoyin da ake yi wa yara da dare, da ƙissoshi da hikayoyin da malamai suka kawo daga Larabci, da labaran Dare Dubu da Ɗaya da aka buga da Hausa tun a 1924, duk sun saba wa kunnen Bahaushe da labarin da ɗan sarki ke ratsa ƙasar aljanu domin ya samo ƴar sarki. Da aka shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a Zariya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito, Ganɗoki na Bello Kagara, ya fara da yaƙin Turawan mulkin mallaka, wanda tarihi ne da mutane suka gani da idonsu, sannan ya zarce da jaruminsa zuwa yaƙi a duniyar aljanu ba tare da neman afuwar mai karatu ba. Wannan ya nuna cewa tun farkon rubutun zube na boko, Bahaushe bai ga katanga tsakanin tarihi da almara ba.

Soyayya ta zama babban jigo ne daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da matasa, da yawansu mata, suka fara rubuta littattafai suna buga su da kuɗinsu a Kano, abin da daga baya aka yi wa laƙabi da adabin kasuwar Kano. Yawancin waɗannan labaran zamani ne, na makaranta da auren dole da kishi. A gefensu kuma aka sami littattafan yaƙi, masu jarumai da takubban tsafi da bokaye da birane masu sunayen Larabci ko na ƙirƙira, waɗanda samari suka fi karantawa. Nau'in da ake magana a kansa ya zauna ne a tsakanin waɗannan biyu: ya ɗauki zuciya daga na farko, ya ɗauki takobi da aljani daga na biyu.

Damagaram a matsayin fagen labari

Garuruwa kaɗan ne a ƙasar Hausa suke da kayan gina irin wannan labari kamar Zinder, babban birnin Damagaram a Nijar. Daular Damagaram ta daɗe tana biyayya ga Borno, sannan ta ƙasaita a ƙarni na 19, musamman a zamanin Sarki Tanimun wanda ya rasu a 1884, wanda ya ƙarfafa ganuwar Birni, wato tsohon garin da fada take, ya kuma sa aka ƙera igwa a cikin garin. A wancan zamani ayarin raƙuma daga Agadas da Tarabulus yana sauka a unguwar Zango, fatake suna fita zuwa Kano da Kukawa, ana cinikin fata da gashin jimina da gishiri da bayi. A ƙarshen ƙarnin, Sarki Ahmadu Kuran Daga ya kai wa ƙasar Kano hari, a 1898 aka kashe hafsan Faransa Cazemajou a Zinder, a 1899 kuma Faransawa suka ci garin. Daga baya Zinder ta zama hedikwatar mulkin mallaka a Nijar har zuwa 1926, lokacin da aka mayar da ita Yamai.

Mai karatu a Zinder, saboda haka, ba ya buƙatar a kwatanta masa fada. Yana wuce ƙofarta, yana ganin dogarai da jajayen kaya, yana jin kakaki da algaita ranar hawan salla, ya san lungunan Birni da manyan duwatsun da suka kewaye shi. Idan marubuci ya ce jakadiya ta ratsa zaure bakwai da saƙo a ɓoye cikin zane, hoton yana nan a ransa tun kafin jimlar ta ƙare. Marubutan Nijar sun riga sun gwada wannan taska, ko da yake da Faransanci suka yi. André Salifou, masanin tarihi ɗan Zinder wanda jami'ar garin take ɗauke da sunansa, ya rubuta tarihin daular na ƙarni na 19, ya kuma mai da rayuwar Tanimun wasan kwaikwayo. Abdoulaye Mamani ya fitar da littafinsa kan Sarauniya Mangu ta Lugu a 1980, matar da ta tsaya gaban rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine a 1899, kuma a cikinsa ƙarfin asirin da mutane suka yi imani tana da shi yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da bindigar Turawa. Med Hondo ya mai da littafin fim a 1986. Ba littafin soyayya ba ne, amma ya nuna yadda mace mai mulki da asiri da yaƙi na gaskiya za su zauna a shafi ɗaya.

Abin da ke jan masu karatu

Labarin soyayya yana rayuwa ne da shingen da ke tsakanin masoya, kuma gwargwadon tsayin shingen, gwargwadon daɗin labarin. A labarin zamani shingen yakan zama talauci ko uba mai taurin kai, kuma waya tana rage masa tsayi, domin masoya suna iya magana ko da an kulle ƙofa. Zamanin da ya ba marubuci shinge wanda ba a tsallake shi da sauƙi. Ƴar sarki ba ta fita sai da rakiya, bawa ba ya ɗaga ido ya dubi ƴar ubangidansa, aure yarjejeniya ce tsakanin masarautu, wanda ya bi ayari zuwa arewa kuwa yakan shekara ba a ji ɗuriyarsa ba. Kallo ɗaya a bakin rijiya, ko turare da aka aiko a hannun kuyanga, yana ɗaukar nauyin da shafi goma na hirar waya ba za su ɗauka ba. Wannan ya dace da kunyar da Bahaushe yake so a cikin magana, domin marubuci yana iya nuna tsananin so ba tare da ya kai masoyan inda iyaye za su ƙi barin littafin a gida ba.

Sai dai tarihi kaɗai zai iya ɗaure jaruma ƙwarai har ta rasa abin yi, kuma a nan ne almara take shigowa. Yarinyar da al'adar zamaninta ta kulle a cikin gida tana iya zama mai gani a mafarki, ko wadda ta gaji iskokin kakarta, ko wadda wani aljani ya aura tun tana jaririya yake kuma hana kowane manemi kusantarta. Da wannan sai ta sami iko da sirri nata na kanta, ta zama mai juya labari. A ganin mai wannan rubutu, wannan shi ne ainihin sirrin nau'in, kuma shi ya sa mata suka fi riƙe shi: tarihi yana ƙara wa shinge tsayi, almara tana miƙa wa mace tsani.

Akwai kuma bambanci tsakanin almarar nan da ta Turai wanda ya kamata a lura da shi. Marubucin Turai yana ƙirƙirar dodanninsa yana sane da cewa mai karatu bai yarda da su ba. Bahaushe Musulmi kuwa ya yarda akwai aljanu, domin Alƙur'ani ya ambace su, ya kuma tashi yana jin labarin bori da birnin Jangare da iskoki irin su Ɗan Galadima da Inna, yana jin maganar layar zana da maganin ƙarfe da sammu da kurciya. Saboda haka idan jarumi ya ɓace a tsakiyar dogarai, ko aka yi wa amarya kurciya ta bar gari, mai karatu ba ya jin an fitar da shi daga duniyarsa. Tsoron da yake ji na kusa ne, irin wanda yake sa mutum ya yi addu'a kafin ya zubar da ruwan zafi da dare.

Zullumi shi ne igiyar da ke ɗaure sauran. Fada wuri ne na makirci: ƴaƴan sarki suna hanƙoron gado, matan sarki da ƙwaraƙwarai suna kishi, fadawa suna kai gulma, ana zuba guba a fura, ana musanya jariri ranar haihuwa. Marubuci yakan dasa tambaya tun a shafin farko, misali wane ne uban wannan maraya da aka tsinta a zangon fatake, ya riƙa ba da amsa kaɗan-kaɗan yana buɗe wata sabuwar tambayar. Yadda ake fitar da littattafan ma ya ƙarfafa wannan salo. Tun zamanin bugawa a takarda ana raba labari kashi biyu ko uku ko fiye, a yanke na ɗaya daidai inda takobi ya ɗaga, domin mai karatu ya dawo ya sayi na biyu. Mai tatsuniya ma haka yake yi idan ya ga yara sun fara gyangyaɗi.

Yadda suke isa Zinder

Akasarin littattafan Hausa da ake karantawa a Zinder daga Kano suke zuwa, ta hanyar da ta bi ta Daura ko ta Magarya, tare da sauran hajar ƴan kasuwa, kuma a da ana ba da su haya ko a yi musaya tsakanin maƙwabta har bango ya yage. Da yake karatun lakwal, wato boko, a Nijar ya daɗe yana gudana da Faransanci, mutane da yawa da Hausa ce harshensu na gida ba su saba karanta ta a rubuce ba, don haka kunne ya taka rawa babba: wata takan karanta wasu su saurara, gidajen rediyo ma sukan karanta littattafai. Yanzu waya ta karɓi wannan aiki. Marubuta suna sakin labari babi-babi a WhatsApp da Facebook da Wattpad, masu karantawa da murya suna ɗora shi a YouTube, ana kuma tura shi daga waya zuwa waya. Saki babi-babi ya sa zullumi ya ƙara tsanani, domin kowane babi sai ya ƙare da abin da zai hana mai karatu barci. A 2025 hukumomin Nijar sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, matakin da ya shafi makomar karatu da rubutu da ita.

Suka

Malaman addini sukan nuna damuwa a kan yawan boka da tsafi a cikin waɗannan labarai, kuma marubuta da yawa suna kauce wa zargi ta hanyar sa addu'a ta rinjayi asiri a ƙarshe, boka ya tozarta, malami na gari ya yi nasara. A Kano, inda aka kafa hukumar tace fina-finai a 2001, ikon tacewa ya kai har ga littattafai.

Sukan masana tarihi ya fi nauyi. Sau da yawa zamanin da ake kwatantawa ba shi da shekara ba shi da ƙasa: sai a ga fadar da aka ce ta Hausa ce cike da kujeru da tufafi da sunayen da aka aro daga finafinan Indiya ko na Turkiyya, ko a sa wa mutumin ƙarni na 18 bindigar da ba a ƙera ba tukuna. Sarautun Damagaram, waɗanda da yawansu suna da tushen Barebari, sukan rikiɗe su koma na Kano ko na Sakkwato a hannun marubucin da bai bincika ba. Abin da ya fi wannan girma shi ne bauta. Arzikin daulolin ƙarni na 19, har da Damagaram, ya dogara ƙwarai a kan kama bayi da sayar da su, kuma kuyangar da ke kai saƙon soyayya a cikin labari mutum ce da aka raba da iyayenta a wani hari. Labarai da yawa suna warware matsalar bawan da ya so ƴar sarki ta hanyar bayyana a babin ƙarshe cewa ashe shi ma ɗan sarki ne da aka sace yana yaro, wanda ke nufin shingen bai faɗi ba, jarumin ne kawai aka ɗauke aka mayar ɗaya gefen, sauran bayin kuma suna nan inda aka bar su a zaure.