Sauƙaƙa bidiyo da hotuna ga kurame da makafi

Sauƙaƙa kafafen watsa labarai ga masu naƙasa shi ne tsara bidiyo, sauti da hoto ta yadda abin da ya wuce kunne ido zai karanta shi, abin da ya wuce ido kuma kunne zai ji shi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin naƙasassu ta sanya samun bayanai cikin haƙƙoƙinsu. A intanet kuwa, ma'aunin da aka fi bi shi ne WCAG, wato jerin ƙa'idojin sauƙaƙa shafukan intanet ga masu naƙasa, na ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo, wanda bugunsa na 2.2 ya fito a 2023.

Rubutun ƙasan allo shi ne babban aikin, kuma a nan aka fi yin kuskure. Na kurame ya bambanta da fassarar fim, domin ban da magana yana faɗin wanda ke yin ta, da duk wani sautin da labari ya rataya a kai: ƙwanƙwasa ƙofa, kukan jariri a ɗaki na gaba, kiɗan da ya tsaya kwatsam. An saba kada ya wuce layi biyu, kowane layi harafi 40 ko kusa da haka, kuma ya bayyana daidai lokacin da baki ya motsa. Idan ya makara da daƙiƙa uku, sai a jingina wa wani maganar da ba tasa ba. Ana ajiye shi a fayil na daban, nau'in da ake kira SRT ko WebVTT, don mai kallo ya iya kunna shi ko ya ƙara masa girma. Wanda manhaja ke rubutawa da kanta yakan ɓata sunaye da lambobi, musamman in mutum biyu suna magana a tare, don haka dole mutum ya bi shi layi-layi. Ga kurame da yawa ma maganar hannu ce harshen farko, shi ya sa tafinta ke buƙatar fili isasshe a allo, ba ɗan lungun da tambarin tasha zai rufe masa hannuwa ba.

Makafi kuma ana yi musu bayanin murya. Mai bayani yana shiga ne a gurbin da 'yan wasa suka yi shiru, ya faɗi abin da ake gani, ba abin da yake zato ba: "ta yaga takardar", maimakon "ranta ya ɓaci". Hoto yana buƙatar taƙaitaccen bayani da manhajar karanta allo irin su NVDA, VoiceOver ko TalkBack za ta furta. In babu, takan karanto sunan fayil kawai.

WCAG ta nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1, ta kuma hana walƙiyar da ta wuce sau uku a daƙiƙa, saboda tana tayar da farfaɗiya. A 1997 wani shirin zane na talabijin a Japan ya kai ɗaruruwan yara asibiti ta wannan hanya.