VPN ba layar zana ba ne

Tun 2021 da gwamnatin tarayya ta rufe Twitter matasan Sakkwato suka rungumi VPN. Ƙanena a Mabera ya rantse mini in ya kunna shi ba mai ganinsa.

Ina! Rufaffiyar hanya ce kawai tsakanin kwamfutarka da wata kwamfuta a nesa. Kamfanin layinka ba ya ganin shafin da ka buɗe, amma kamfanin VPN ɗin ya san inda ka nufa. Da ka shiga Facebook da sunanka kuwa, ai ka riga ka yi sallama.

Kamfanoni sun daɗe suna amfani da VPN, don ma'aikaci ya shiga kwamfutar ofis daga gida. Datar da yake ci kuma taka ce.