Kyanwar Farisa a gida: gashi, ido da ƙoda

Daga ina ta samo wannan suna?

Farisa tsohon sunan ƙasar Iran ne. Ana danganta shigar wannan kyanwa Turai da wani matafiyi ɗan Italiya, Pietro della Valle, wajen shekarar 1620, kuma tana cikin kyanwoyin da aka nuna a baje kolin Landan na 1871. Shafaffiyar fuskar nan kuwa aikin masu kiwo ce, su suka yi ta haɗa masu gajeren hanci har ta koma haka.

Da gaske ne sai an taje ta kullum?

Da gaske ne, kuma duk wanda ba zai iya ba gara ya nemi wata kyanwar. Gashinta biyu ne, dogo a sama, mai laushi kamar auduga a ƙasa. Na ƙasan ne ke cukurkuɗewa, musamman a hammata, bayan kunne, ciki da gindin wutsiya. Kwana kaɗan aka yi sakaci sai ya dunƙule ya riƙa jan fata, ƙuma da makero su sami maɓoya.

Mataji na ƙarfe mai faɗin haƙora ya fi buroshi, domin buroshi sama kawai yake shafa, ka ga kyanwa fes alhali ƙasan ya lalace. A raba gashin, a fara daga bakinsa a sauka har fata, minti biyar zuwa goma. In ya riga ya dunƙule, kada a sa almakashi: fatar kyanwa siririya ce, tana shigewa cikin dunƙulen a yanke ta ba a sani ba. Injin aski ya fi. Tazar kuma tana rage gashin da take haɗiya wajen lasar jiki, wanda shi ke sa ta amai.

Wanka sau ɗaya a wata ya isa, da sabulun kyanwa, a busar da ita sosai.

Me ya sa idonta ba ya rabuwa da hawaye?

Hanyar da hawaye ke bi ya sauka hanci ta lanƙwashe saboda gajartar fuska, sai ya zubo waje ya bar jan tabo. A goge kullum da auduga da ruwa mai ɗumi, kowane ido da tasa audugar. Kwantsa ruwan ɗorawa ko kore, ko ido a runtse, wannan sai likitan dabbobi.

Gajeren hancin nan ne kuma ke sa ta minshari da rashin jure zafi. In ka ga ta buɗe baki tana haki kamar kare, ba wasa ba ne, a kai ta wuri mai sanyi a nemi likita. Ni da za a tambaye ni, mai ɗan tsawon hanci zan ce a saya, ko da ba ta kai ɗayar kyau a hoto ba.

Me za ta ci?

Nama, ko haɗaɗɗen abincin kyanwa, domin jikinta na buƙatar wani sinadari mai suna taurine da ke cikin nama. Rashinsa na taɓa ido da zuciya. A zuba a faranti mai faɗi, kwano mai zurfi na ba ta wahala. Madarar shanu zawo take sa yawancin manyan kyanwoyi. Albasa, tafarnuwa da cakulan guba ne gare ta. Farasitamol kuwa ƙwaya ɗaya na iya kashe ta, haka maganin ƙumar kare mai sinadarin fametirin.

Akwai cutar da take gada?

Akwai, ciwon ƙoda ne da ake kira PKD. Ƙananan ƙullutai masu ruwa ke tsirowa a ƙodar, su yi ta girma shiru, sau da yawa sai ta kai shekara bakwai alamun ke fitowa: yawan shan ruwa, yawan fitsari, rama. Ko ɗaya cikin iyaye ke da ita, kowane ɗa na da rabin yiwuwar gado. Ana ganowa da gwajin ƙwayar halitta ko hoton ciki, don haka a tambayi mai sayarwa ko an gwada iyayen.

Yaushe za a raba ta da uwa?

Sai ta kai mako 12. Allurar rigakafi ana farawa tun tana mako 8 ko 9, a maimaita bayan mako 3 zuwa 4.