Android Studio 3.5: sabbin kayan aiki da gyare-gyare

Android Studio shi ne dandalin da kamfanin Google ya tanadar wa masu gina manhajojin wayoyin Android, wato wuri guda a cikin kwamfuta inda ake rubuta kod, a harhaɗa shi ya zama manhaja, a gwada ta, sannan a bi sawun kurakuranta. An fara sanar da shi a watan Mayun 2013 a taron Google I/O, sigarsa ta 1.0 kuma ta fito a watan Disamban 2014. An ɗora shi ne a kan IntelliJ IDEA, wani dandalin rubuta kod na kamfanin JetBrains, ya kuma maye gurbin Eclipse, wanda a da shi ne abin da masu wannan sana'a suka dogara da shi. Sigar 3.5 ta fito a watan Agustan 2019, kuma ta sha bamban da waɗanda suka gabace ta, domin yawancin aikin da aka yi a cikinta gyaran abin da ke akwai ne, ba ƙarin sabbin abubuwa ba.

Asalin aikin

Tsakanin 2016 da 2018 dandalin ya yi ta samun ƙari. Sigar 2.0 ta zo da Instant Run, mai nuna canjin kod a waya nan take, a watan Afrilun 2016, sigar 3.0 kuma ta zo da harshen rubuta kod na Kotlin da na'urar auna aikin manhaja a watan Oktoban 2017. Sai dai yawan kaya ya zo da nauyinsa. Masu amfani da dandalin sun yi ta koke cewa yana cinye RAM, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, yana daskarewa ana tsakiyar rubutu, kuma harhaɗa manhaja yana ɗaukar lokaci fiye da kima. Saboda haka a ƙarshen 2018 injiniyoyin Google suka jingine aikin sabbin abubuwa na tsawon kimanin wata 8, suka duƙufa ga inganci kaɗai, a wani shiri da suka sanya wa suna Project Marble. Shirin ya ratsa siga uku: 3.3 a watan Janairun 2019, 3.4 a watan Afrilu, sai 3.5 wadda ta kammala shi. A sanarwar fitowarta Google ya ce an gyara kurakurai fiye da 600, an toshe wurare 50 da ma'adana ke yoyo, an kuma magance dalilai 20 na daskarewar dandalin.

Yoyon ma'adana da daskarewa

Yoyon ma'adana kuskure ne da ido ba ya gani kai tsaye. Kowane shiri na kwamfuta yakan ari wani yanki na RAM ya yi aiki da shi, ya mayar idan ya gama. Idan akwai kuskure a kod, sai shirin ya riƙe abin da ya ara ba tare da yana amfani da shi ba, kamar tulun da ya tsage yana ɗiga a hankali. Da safe kwamfuta tana gudu lafiya, kafin la'asar ta yi nauyi, har mai aiki ya ga ba shi da mafita sai ya rufe dandalin ya sake buɗewa. Tunda Android Studio a kan injin Java yake gudana, akwai iyakar ma'adanar da aka ware masa, wadda a lokacin take megabayit 1280 idan mutum bai canza ta ba. Da zarar an kusa cika wannan iyaka, injin yakan ɓata lokacinsa wajen share tarkace maimakon amsa wa mai rubutu, shi ya sa ake danna harafi sai ya jinkirta kafin ya bayyana a allo.

Sigar 3.5 ta tunkari matsalar ta hanya biyu. An toshe wuraren yoyon da aka gano, sannan aka koya wa dandalin ya lura da kansa: idan aikin da aka buɗe ya fi ƙarfin ma'adanar da aka ware, kuma kwamfutar tana da sarari, sai ya ba da shawarar a ƙara. A da sai mutum ya shiga wani fayil na saiti ya canza lamba da hannunsa, abin da ɗalibi sabon shiga ba lalle ya san da shi ba. An kuma rage jinkirin rubutu a fayilolin XML, masu tsara fasalin allon manhaja, da na Kotlin.

Wani gyaran da ya shafi masu Windows ya cancanci a ambace shi. An gano cewa manhajar kariya daga cutar kwamfuta tana tsayawa ta binciki kowane fayil da aka samar yayin harhaɗawa, alhali aiki guda yana iya samar da dubban ƙananan fayiloli. Daga wannan siga dandalin yakan gane hakan, ya sanar da mai shi, ya nuna masa manyan jakunkunan da ya kamata a ware daga binciken.

Daga Instant Run zuwa Apply Changes

Babban canjin da kowa ya gani da idonsa shi ne cire Instant Run. Manufarsa tun farko mai kyau ce: mai gina manhaja ya canza layi ɗaya, ya ga sakamakon a waya nan take ba tare da an sake girka manhajar gaba ɗaya ba. Amma hanyar da ya bi ita ce sake rubuta kod ɗin manhajar a lokacin harhaɗawa, yana cusa nasa dabarun a ciki. Sakamakon haka, abin da mutum yake gwadawa ba daidai yake da abin da ya rubuta ba, kuma wani lokaci kuskure yakan bayyana wanda ba daga shi ya fito ba. Masu sana'ar da yawa sun ɗauki kashe Instant Run a matsayin matakin farko idan manhaja ta ƙi aiki ba gaira ba dalili, wanda hakan kaɗai ya isa shaida cewa kayan aikin ya rasa amincewar masu shi.

Apply Changes, wanda ya gaje shi, an gina shi ne daga tushe. Ba ya taɓa kod ɗin manhaja yayin harhaɗawa; yana amfani ne da wata dama da tsarin Android kansa ya samar tun daga Android 8.0, wadda ke ba da izinin musanya sassan shiri yana cikin gudana. Iyakarsa a bayyane take: ba ya aiki a wayar da ta gaza Android 8.0, kuma akwai canje-canjen da dole sai an sake tayar da manhajar. Idan ba zai iya ba, yakan faɗa a fili. Wannan shawara ce mai hikima, domin kayan aikin da ya san iyakarsa ya fi amfani ga mai koyo a kan wanda zai yi alkawari mai yawa ya jefa shi cikin ruɗani.

Wayar kwaikwayo

Wayar kwaikwayo ita ce wayar Android da ake kunnawa a cikin kwamfuta don gwaji. An daɗe ana kuka da yadda take sa kwamfuta zafi ko da ba a taɓa ta ba. Da aka bincika, sai aka tarar dalilin ƙarami ne ƙwarai: an saita ta tana ɗaukar kanta a matsayin wayar da ke jone da caji, ita kuwa wayar Android idan tana caji takan saki ayyukan bayan fage su yi ta gudana. Da aka mayar da saitin zuwa na wayar da ke kan batir, aikin da take ɗora wa kwamfuta a bayan fage ya ragu fiye da ninki 3. Wannan siga ce kuma ta fara tallafa wa kwamfutocin Chrome OS a hukumance.

Tasirinsa a wurare irin su Akra

Gyare-gyare irin waɗannan ba su da armashi a sanarwa, amma sun fi muhimmanci ga wanda kayan aikinsa ba su da ƙarfi. A unguwannin Hausawa na Akra, kamar Nima da Mamobi da Sabon Zango, matasan da ke koyon gina manhaja sukan fara ne da laftof na hannu, irin wanda ake saya a shagunan Tip Toe Lane da ke kusa da shataletalen Kwame Nkrumah. Irin wannan kwamfuta ba safai RAM ɗinta ke wuce gigabayit 8 ba, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da Google ke nema a yanzu. Wanda ya taɓa zama kusa da mai irin wannan aiki ya san yanayin: a danna maɓallin gudanarwa, fankar laftof ta ɗauki ƙara, sandar Gradle, shirin da ke harhaɗa manhajar, ta tsaya a ƙasan allo, shi kuwa ya zuba mata ido yana lissafin sauran cajin batir, musamman a ranakun da ake fama da ɗaukewar wuta, abin da mutanen Gana ke kira dumsor. A wurinsa, minti biyu da aka rage a kowace harhaɗawa da zafin da aka rage wa kwamfuta su ne bambanci tsakanin gama aikin yini da barinsa rabi.

Saboda nauyin wayar kwaikwayo, da yawa sukan jona wayarsu ta hannu da kebul su yi gwaji a kanta, galibi Tecno ko Infinix ko itel. Hakan yana da fa'ida, tunda irin waɗannan wayoyi ne ke hannun mutanen da za su yi amfani da manhajar. A nan ne kuma sharaɗin Android 8.0 ya yi tasiri a 2019, lokacin da tsofaffin wayoyi suke da yawa a hannun jama'a.

Akwai kuma batun data. Fayil ɗin girka dandalin a yau ya haura gigabayit guda, ban da kayan SDK, wato kayan gina manhajar Android, da abin da Gradle zai sauko da shi a buɗewar farko. Shi ya sa sabuntawa ba abu ba ne da ake yi da garaje, kuma ɗalibai sukan jira sai sun sami intanet na makaranta ko na cibiyar koyo. Google yana fitar da dandalin ta matakai, daga Canary, mai ɗauke da sabbin abubuwan da ba su gama nuna ba, zuwa tsayayyiyar siga. Ga mai aikin da wani ya biya kuɗinsa, tsayayyiyar ita ce ta dace.

Abin da ya biyo baya

Bayan 3.5 an koma ƙara sabbin abubuwa. Sigar 4.0 ta watan Mayun 2020 ta kawo Build Analyzer, mai nuna sashen da ke jan lokaci a harhaɗawa, 4.1 kuma ta ba da damar duba rumbun bayanan manhaja tana cikin gudana. Daga watan Yulin 2021 aka canza tsarin suna, aka koma sunayen dabbobi bisa jerin haruffa, ana farawa da Arctic Fox, lambar sigar kuma ta koma bin ta IntelliJ. Bumblebee ta watan Janairun 2022 ta sauƙaƙa haɗa waya da kwamfuta ta Wi-Fi ga wayoyin Android 11 zuwa sama, Jellyfish ta 2024 kuma ta zo da Gemini, mataimakin ƙirƙirarriyar basira na Google, a cikin dandalin.

Ƙin sabuntawa gaba ɗaya ba ya yiwuwa ga wanda manhajarsa ke Google Play, domin a kowace shekara shagon yana ɗaga matakin Android da dole sabbin manhajoji da sabuntawarsu su dace da shi; daga 31 ga Agustan 2024, alal misali, Android 14 ne sharaɗin. Sabon mataki yakan buƙaci sabon kayan haɗin Gradle, shi kuma yakan buƙaci sabon Java: sigar 7.0 ta kayan haɗin ta nemi Java 11, ta 8.0 ta nemi Java 17. Domin rage wahalar wannan sarƙa ne aka saka mataimakin sabuntawa a sigar 4.2 ta Android Studio a 2021, wanda ke duba aikin mutum, ya jera canje-canjen da za a yi, ya kuma nuna su kafin a taɓa ko fayil ɗaya.