Bidiyon minti uku a waya: tambayoyi kan gano galahanga tun jariri yana wata uku

A gidajen Hausawa da yawa na Agege, Idi-Araba da Alaba Rago, sai yaro ya shekara bai zauna ba ake fara zancen asibiti. Kafin nan ana ta cewa "ƙiba ce" ko "kakansa ma bai yi tafiya da wuri ba". Alhali akwai hanyar hango larurar tun kafin wuyan jariri ya gama tsayawa.

Mece ce galahanga, kuma me ke kawo ta?

Larurar motsi ce (cerebral palsy a Turance) da ke biyo bayan rauni a ƙwaƙwalwar jariri, ko a ciki, ko wajen haihuwa, ko a farkon rayuwa. Jiki ya sandare ko ya saki, yaro ya kasa riƙe wuya, zama ko tafiya. A Najeriya manyan dalilan su ne doguwar naƙuda da ke hana jariri iska har ya fito bai yi kuka ba, shawara mai tsanani a makon farko, haihuwar bakwaini, da sanƙarau. Ba ta yaɗuwa, ba shan inna ba ce, kuma yaron ba ɗan ruwa ba ne.

Ta yaya bidiyo zai nuna abin da idon uwa bai gani ba?

Masanin nan ɗan Ostiriya, Heinz Prechtl, ya lura cewa jariri mai lafiyar ƙwaƙwalwa yana da irin motsin da yake yi da kansa, ba wanda ya taɓa shi. Daga mako 9 zuwa 20 bayan cikar lokacin haihuwa, idan ka kwantar da shi rigingine yana farke, za ka ga ƙananan mutsu-mutsu: wuyan hannu na ɗan juyawa, idon sawu na rawa, wuya da kafaɗa na motsi kaɗan-kaɗan ta kowane ɓangare, babu tsayawa. Rashin wannan mutsu-mutsun shi ne alamar da likitoci ke nema. Kafin wannan lokacin ma akwai wata: hannuwa da ƙafafu su sandare lokaci guda, su saki lokaci guda.

Wani babban nazari da aka buga a 2017 a mujallar JAMA Pediatrics ya nuna cewa wannan gwajin yana kama kusan kashi 98 cikin 100 na jariran da ke cikin haɗari waɗanda larurar za ta bayyana gare su. Idan aka haɗa shi da hoton ƙwaƙwalwa na MRI da gwajin jijiyoyi na Hammersmith, ana iya tabbatarwa kafin wata 6, maimakon jiran shekara ɗaya zuwa biyu yadda aka saba.

Ina na'ura ta shigo?

Da farko ƙwararre ne ke kallon bidiyon da idonsa, sai dai ƙwararrun ba su da yawa. A Melbon ta Ostireliya aka ƙera manhajar Baby Moves: iyaye su ɗauki bidiyo a gida, ya tafi wurin likita. Masu bincike a Norwe sun koya wa kwamfuta bin gaɓoɓin jariri a bidiyo tana auna motsinsu, a Finlan kuma an ɗinka riga mai na'urorin auna motsi. Akwai kuma manhajar Ubenwa, ta ɗan Najeriya Charles Onu, wadda ke sauraron kukan jariri don gano alamun raunin da rashin iska ya jawo. A ganina, a Legas wayar da ke hannun uwa ta fi duk rigunan nan amfani, don ita ce ke kowane ɗaki.

Yaya ake ɗaukar bidiyon?

A shimfiɗa farin zani a ƙasa, a kwantar da jariri rigingine daga shi sai kunzugu. Ya kasance ya ƙoshi, ba ya kuka, ba ya gyangyaɗi. Babu abin tsotso a baki, babu mai yi masa wasa (a nan sai an lallashi kaka da yayye). A riƙe waya daga sama, kai da ƙafafu duk su fito, minti uku. Idan bakwaini ne, daga ranar da aka sa ran haihuwarsa ake ƙirga makonni.

Mai jegon da za ta tafi Arewa wanka ta riƙe wannan lissafin, don bayan wata biyar mutsu-mutsun ya wuce, ba ya dawowa. Kuma kada miji ya kalli bidiyo ya yanke hukunci; aikin wanda aka horar ne.

Wa ya kamata a yi wa?

Duk jaririn da ya kwana a kwalba, ko bai yi kuka ba, ko ya yi jijjiga, ko aka yi masa canjin jini saboda shawara. A tambayi likitan yara ko sashen gashin ƙashi a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba, na LASUTH a Ikeja, ko asibitin yara na titin Massey.

Idan ba ta warkewa, meye amfanin sani?

Raunin ba ya gogewa, amma ba ya ƙaruwa, kuma ƙwaƙwalwa ta fi saurin buɗe sababbin hanyoyi a shekaru biyun farko. Atisayen da aka fara a wata huɗu, na kai hannu ga abu, birgima da kwanciya rubda ciki, ya fi wanda aka fara bayan gaɓoɓi sun ƙage. Ana kuma duba ji, gani da haɗiya da wuri.

Akwai abin da za a iya hanawa tun farko?

Shawara. Idan idon jariri ya yi rawaya, asibiti a ranar, ba ruwan gulukos ko shanya shi a rana ba. A asibitin haihuwa na Island Maternity da ke nan Legas aka gwada hasken rana da aka tace da leda ta musamman, aka buga sakamakon a 2015 cewa yana aiki, amma a ƙarƙashin kulawar ma'aikata masu auna zafin jiki. A kuma cire kafur daga akwatin kayan jariri, domin yana fasa jinin yaran da ke da ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini.