Waiwaye: Yadda Kaduna ta juya wa koginta baya

In ka tsaya kan gadar da ke kusa da filin wasa na Ahmadu Bello da rani, za ka ga baƙaƙen duwatsu sun ɓullo tsakiyar ruwa, masu wanki sun shanya kaya a kansu, can gefe ana loda wa tifa yashi. Wannan ruwan, da ya taso daga tsaunukan Filato ya nufi Neja, shi ya raɗa wa garin suna: kadduna, jam'in kada, ko da yake Gbagyi da suka riga kowa zama a bakinsa suna da nasu bayanin.

Shi ne kuma ya jawo Turawa. Ga ruwa wadatacce, ga layin dogo ya ƙetare shi, sai aka taso da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Amma fa tsarin garin bai ba talaka ƙofa zuwa bakin kogi ba. Wadda kowa ya sani ita ce Gamji, lambun da yanzu ke ɗauke da sunan Janar Hassan Usman Katsina. Nan aka kafa ƴar gadar ƙarfen Gwamna Lugard, wadda aka fara girkawa a Zungeru a 1904, aka kwanto ta a 1954. Duk wanda ya tashi a garin nan yana tuna Gamji ranar yawon Sallah: sabon ɗinki, iska mai sanyi daga ruwa, yara na dandazo wajen kallon kada. Gari guda, lambu ɗaya!

Daga 1957, da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles (KTL) a unguwar Kakuri sauran suka biyo baya, kogin ya samu wani aikin: kwashe ruwan rini. Magudanan Kakuri da Makera suka riƙa zubo shi, yau ja, gobe shuɗi, masu lambu a ƙasa na ban ruwa da shi. Matatar mai ta zo a 1980, mutanen bakin Rafin Romi da ke kusa da ita suka shiga nasu kukan. Masaƙun sun durƙushe, leda da bolar unguwanni suka gaje su.

Bayan rikicin Shari'a na shekarar 2000 kuwa, ruwan da ya kamata ya zama mahaɗa ya koma iyaka, kowa ya tattara ya koma ɓangaren da ya fi samun natsuwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne fadama. Wurin da kogi ke miƙe ƙafa da damina aka yanka fuloti-fuloti aka sayar. Ambaliyar 2003 ta shiga gidaje, ta 2012 ta maimaita, kuma sunayen ba sa sauyawa: Kigo Road, Kabala, Unguwar Rimi, Barnawa, Nasarawa. Na taɓa shiga wani gida da shatin ruwa ya kai saitin taga, mai gidan ya aza katifu kan rufi suna shan rana. Katanga ɗaya tsakaninsu da wani fili, magina na ta zuba sabon harsashi.