Kafin Ka Ɗora wa Giwan Ruwa Laifi, Duba Bakin Zarenka

Wata safiya da hunturu na tarar da wani saurayi a ƙasan madatsar ruwa ta Dadin Kowa, yana zaune a kan dutse ya yi tagumi, sandar fatsarsa a gefe, zare na reto ba ƙugiya. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Malam, wallahi giwan ruwa ce. Da ka ga yadda totuwar nan ta nutse, ka san ba ƙaramin kifi ba ne."

Totuwa ita ce 'yar abar da ake sa wa zare ta riƙa yawo a saman ruwa, in ta nutse ka san kifi ya ja. Na ce ya miƙo mini bakin zaren. Wurin da ya rabu da ƙugiyar ya nannaɗe, kamar gashin da aka tsefe daga kitso. Wani dattijon masunci da ke gyaran birgi kusa da mu ya leƙo, ya yi dariya ya ce, "Yaro, ba tsinkewa ya yi ba, ƙullinka ne ya warware. Ko ƙarfasa mai faɗin tafin hannu za ta iya yi maka haka." Na ce, "Baba, ka riga ni."

A yawon da aikina na malamin gona mai kula da masunta ke kai ni bakin Gongola, daga Nafada zuwa Yamaltu-Deba, da wuya mako ya wuce ban ji irin wannan labari ba. Kullum kifin da ya tsere shi ne babba. Ni kuwa abin da na lura da shi, mafi yawan zaren da ke tsinkewa a ruwa ya riga ya lalace tun kafin kifi ya taɓa shi. Kifin dai ƙarasawa yake yi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuma abin daɗin shi ne, bakin zaren da ya rage a hannunka yana gaya maka abin da ya faru, in ka tsaya ka duba kafin ka ɗaura wata ƙugiyar.

Mu fara da na saurayin nan, tunda shi ya fi yawa. Zaren roba santsi gare shi, ƙullin da muke yi wa igiyar akuya ba ya riƙe shi. In ƙugiyarka mai ido ce, zura zaren, ka naɗa shi a jikinsa sau 5 ko 6, ka dawo da bakin ta 'yar kafar da ke daf da idon, sannan ka bi da shi ta babbar kafar da ka yi yanzu. Zare mai kauri naɗi 4 ya ishe shi. Kafin ka ja, jiƙa ƙullin da ruwa. Wannan ɗan abu ne da mutane ke rainawa, alhali zaren roba in ya gogi kansa a bushe zafi yake yi, zafin nan kuma yana raunana shi daidai wurin da ake buƙatar ƙarfinsa. Ja a hankali har ƙullin ya zauna, kada ka fizga. Ka bar ɗan baki kamar tsawon ƙwayar shinkafa, kada ka yanke shi ƙarƙaf.

Akwai kuma ƙullin da ba kai ka yi shi ba. Iskar hunturu ko wurgi na gaggawa kan sa zare ya ƙulle kansa a tsakiya, ɗan ƙulli kamar ƙwayar gero. Mutum ya gan shi ya ce ba komai. Wannan ƙaramin abu yana iya cinye kusan rabin ƙarfin zaren. In bai riga ya matse ba, warware shi da ƙaya ko tsinke. In ya matse, yanke daga nan, ko da ka iya warware shi, wurin ya riga ya ji rauni.

To, in ka duba bakin ka ga ya yi kaushi, ya yi fari-fari, kamar an kankare shi, to guga ce. Nan ne mai fatsa da totuwa a ruwa mai gudu ya fi kowa shan wahala. Shi ba ajiye ƙugiya yake yi wuri ɗaya ba, ruwa ne ke tafiya da totuwa da tana tare, ɓangaren ƙasan zaren yana bi ta kan duwatsu da saiwoyi da kututturan da ruwa ya rufe. Kowane wucewa yana ɗan ɗiba. Da rani, in ruwa ya ja baya, duwatsun da ke can ƙasa da damina sai su dawo daidai inda ƙugiya ke bi. Da damina kuma Gongola kan taho da yashi da karare da rassan itace tun daga tsaunukan Filato, ta ratso Bauchi ta iso mana, duk suna gogar zare. Tarwaɗa da kurungu ma suna da nasu: ƙayar da ke gefen ƙirjinsu tana da zarto, in kifi ya yi birgima ya naɗe zare a jikinsa, ka cire shi lafiya amma ya bar maka tabo.

Maganin wannan ba kuɗi yake ci ba, ɗabi'a ce. Duk lokacin da ka fito da kifi, ko ƙugiya ta ɗan maƙale ta saki, kama zaren tsakanin babban yatsa da manuni ka ja daga totuwa har ƙugiya. Yatsa yana jin abin da ido bai gani ba. Masu tafin hannu mai kanta, ku yi amfani da 'yar auduga, duk inda ta kama ta bar gashi to nan ne ciwon. Yanke har sama da wurin ka sake ɗauri. Asarar zare kamu biyu ko tsawon gaba guda ba ta kai asarar kifi da ƙugiya da totuwa da dalmar da ke nutsar da ƙugiya a haɗe ba. Sannan ka duba zurfin da ka sa. In kullum ƙugiya na jan ƙasa, sauko da totuwa kaɗan, don tanar ta riƙa wucewa sama da duwatsu.

Wata dabara da nake yawan koya wa yara masu fatsa ita ce raba zaren biyu. Babban zare mai ɗan kauri, misali wanda aka rubuta 0.35 a jikin faifansa, daga sanda har ƙasan dalma. Daga nan sai guntu kamu ɗaya wanda bai kai shi kauri ba, misali 0.25, shi ke ɗauke da ƙugiya. In abu ya maƙale, ƙaramin ne zai tsinke, ka rasa ƙugiya kaɗai. Lambobin nan kaurin zaren ne a ma'aunin milimita, kuma a yawancin faifai ana rubuta nauyin da zai iya ɗauka a kilo. Wannan nauyin na sabon zare ne marar ƙulli, kada ka ɗauke shi alkawari.

Sai batun dalma, kuma nan zan ɗan daɗe. In zare ya tsinke daidai inda dalma take, bakin kuma ya yi fale-fale kamar an daka shi, to matsi ne ya yi yawa. Da yawa suna matse dalma har ta ci cikin zaren, in kuma suna son canza zurfi sai su ja ta da ƙarfi, ta bi tana kankare duk inda ta wuce. Samo guntun robar bawul ɗin keke, ko rigar siririyar wayar lantarki, ka zura zaren ciki sannan ka matse dalmar a kai. In za ka motsa ta, buɗe ta tukuna. Haka totuwa: masu tsaga karan dawa ko guntun silifas su cusa zare su ɗaure da ƙulli, gara su riƙe ta da roba ko su toshe kafar da ɗan tsinke mai laushi, yadda za ta motsa ba tare da ta ji wa zare ciwo ba.

Amma abin da ya fi damuna ba zaren ba ne, bakinku ne. Kusan duk yaron da na gani yana fatsa, da haƙori yake matse dalma. Dalma guba ce, ba ta da ɗanɗanon da zai tsorata ka, a hankali take taruwa a jiki. Ta fi yi wa yara illa, tana taɓa ƙwaƙwalwa da jini, yaro ya riƙa kasa gane karatu ba a san dalili ba. Mu a Arewa ba mu buƙatar a yi mana dogon bayani: a shekarar 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara. Cizon dalmar fatsa bai kai waccan yawa ba, amma guba ɗaya ce, kuma kullum ake yi. A yi amfani da filaya, in babu a matse tsakanin duwatsu biyu a hankali. A wanke hannu kafin a ci abinci. Masu fasa tsohon batirin mota su narka dalma a tsakar gida, a tukunyar da gobe za a iya ɗora ta a murhu, don Allah ku daina. Hayaƙin da ƙurar duk iyalinku ke shaƙa.

Wani lokacin kuma zare kan tsinke a tsakiya, ba ƙulli, ba guga, ba dalma. Ka ɗaura, ya sake tsinkewa a wani wurin. Wannan ya mutu ne gaba ɗaya, rana ta cinye shi. Hasken rana yana busar da zaren roba har ya yi gautsi, zafi kuma ya ƙara masa. Ku tuna irin ranar da muke sha a Gombe a watannin Maris da Afrilu. Zaren da aka jingine da sandarsa a bayan ɗaki, ko aka jefa kan kwano ya bushe, ko yake kwana ƙarƙashin kujerar mashin, ba zai kai ko'ina ba. Ruwan batir ma yana cin sa. Alamarsa, ƙyallinsa ya dushe, ya yi tauri, wani har ya bar ɗan farin gari a yatsa. Babu gyara, sai sauyi. Wani ma tun a kasuwa ya mutu, ya yi watanni a rataye a rana gaban rumfa. Nemi wanda ke cikin leda ko kwali, ka roƙi mai kaya ya bar ka ka gwada kamu ɗaya: yi masa ƙulli, naɗa bakunan a 'yan sanduna biyu ka ja. Kada ka naɗa a yatsu, yana yanka kamar reza. Araha ba ta ado.

Murɗewa da nannaɗewa su ba su da wuyar sha'ani. In tana ta lanƙwashe a jikin ƙugiya, ruwa mai gudu zai riƙa juya ta kamar mazari, zare ya murɗe ya riƙa harɗewa. Cire komai, saki zaren tsirara ruwa ya ja shi na 'yan mintuna, zai warware kansa. Wurin ajiya kuma, daina naɗa shi a katako mai kusurwa ko gwangwani mai tsatsa. Gorar roba mai faɗi ta fi, a sa a jaka, a inuwa. Masu sandar kanti mai zobba, ku bi cikin zobban da auduga, zobe ɗaya mai tsaga ya isa ya lalata faifai guda. Idon ƙugiya mai tsatsa ma haka.

In ƙugiya ta maƙale a ƙasa, kada ka yi ta fizgar sanda. Saki zaren ya yi sako-sako, ruwa kan cire ta da kansa. In ta ƙi, taka gaɓa ka koma sama da wurin ka ja ta ɗaya ɓangaren. In duk ya ƙi, ajiye sanda, naɗa zaren a itace, kawar da fuskarka gefe sannan ka ja har ya tsinke, don dalma kan dawo da gudu kamar an harbo ta da danƙo, kuma ido take nema. Ɓangaren da ya sha wannan ja ya riga ya miƙe fiye da kima, yanke shi.

Abin da ba na so in gani shi ne babba ya ce wa ƙaninsa, "Kai, shiga ka ciro mini." Ƙugiya nawa take? Ƙasan madatsa ruwa kan ƙaru ba sallama in an saki, kuma duk wanda ya san Dadin Kowa ya san akwai dorina. Ko ba wannan, gefen ruwa mai ciyawa inda katantanwa ke zama nan ake ɗaukar tsargiya, ƙwayar cutar ta fata take shiga. Yaron da ke fitsari da jini ba balaga ba ce, kamar yadda wasu ke ɗauka har yanzu, ciwo ne, kuma yana da magani, praziquantel, a kai shi asibiti. Wanda ƙugiya ta soka kuma ya wanke da sabulu, ya je a duba ko yana buƙatar allurar tetanus, cutar nan mai sarƙe haƙora. In ta shige har maƙatarta, ko kusa da ido ce, kada a ja ta baya a bakin kogi.

Guntayen da kuka yanke kuma kada a bar su a gaɓa. Zaren roba yana shekaru bai ruɓe ba. Mashayar da kuke fatsa ita ce ta makiyaya, na taɓa ganin tunkiya da zare ya naɗe mata ƙafa ya ci har cikin nama. A sa a aljihu, a gida a daddatsa shi ƙanana a binne.

Saurayin nan na sake haɗuwa da shi bayan 'yan makonni, shi ya fara hango ni. Ya zaro guntun zare daga aljihu ya ce, "Malam, wannan fa? Ƙullina ne ko?" Na duba. Bakin sumul, a karkace, kamar an sa almakashi, sama da shi kuma ba kaushi ko kaɗan. Na ce wannan karon ba laifinka, haƙori ne, kuma tsage nake zargi, kifin nan mai kaifin haƙora. Na nuna masa yadda zai sa guntuwar siririyar waya, kamar tsawon yatsa biyu, tsakanin ƙugiya da zare in tsage yake nema, ya cire ta in ya koma kan ƙarfasa, don ita in ta ga waya ba ta ci.